Bencin Rama da Ya Karye a Apo

Ɗakina yana can ƙarshen baranda, bayan banɗakin maza, inda ko masinja ba ya zuwa sai an matsa masa. A hukumar gwamnatin tarayya da nake aiki ana kiransa ɗakin bincike, amma abin da ke ciki bai wuce tebur da kwamfuta da wata fanka mai juyawa idan ta ga dama ba, sai kuma ni. Ina son ɗakin nan kamar raina. Ni kaɗai ce mace injiniya a benenmu, kuma nan ne kawai wurin da ba a miƙo min biro a ce in rubuta abin da maza suka tattauna a taro.

Lokacin Abuja tana tashen kuɗi. Soja sun koma bariki, man fetur yana daraja a kasuwar duniya, duk inda ka waiga gini ne ke tashi. Wayar salula ta shigo, kowa yana tafiya a titi yana magana shi kaɗai yana wurga hannu. A ofishinmu kullum sai an ƙirƙiro sabon sashe, kowane sabon sashe kuma ɗaki yake nema, da labule, da firiji.

A cikin wannan yanayi aka tura ni ɗan gajeren kwas ƙasar waje. Abokan tafiyata sun dawo da turare da takalma, ni kuwa faifan kwamfuta na riƙo a jakata, ina tattalinsa kamar ƙwai. Manhaja ce a ciki, ta kyauta, wadda masu ita suka ce kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani.

Aikina shi ne haɗa abu biyu su zama abu ɗaya da ya fi kowannensu ƙarfi. Kakata ta san wannan tun kafin a haife ni, don ba ta taɓa ganin an yi tubali ba a cuɗa ƙasa da ciyawa ba. Mu zare muke shimfiɗawa a mazubi, mu jiƙa shi da wani ruwan danƙo da ake kira rezin, idan ya bushe ya yi tauri. Turawa zaren gilas suke amfani da shi, wanda masu gyaran mota ke kira faiba. Ni kuwa rama na sa a gaba, ramarmu da ake tufka igiya da ita. Abin da manhajar ke yi shi ne kwaikwayo. Ka zana abin da kake son ƙerawa, ka faɗa mata ƙarfin kayanka, ka ɗora masa nauyi, sai ta shafa masa launi: inda ya yi shuɗi lafiya lau, inda ya yi ja nan zai karye. Wani ɓangarenta kuma yana nuna yadda rezin zai bi cikin mazubi, da inda iska za ta maƙale.

Ranar da na fara ganin launukan nan sun fito a kwamfutata, na tashi na kulle ƙofa na taka rawa ni kaɗai, da mayafina da komai. Sai da na haki sannan na zauna.

Ba a daɗe ba darakta ya zo da kansa. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, idan ya yi dariya babbar rigarsa ma sai ta yi. Ya tsaya a bayana yana kallon launuka, ya yaba, ya sake yabawa, ni kuwa baki har kunne. Sannan ya dubi bango da taga, irin duban da tela ke yi wa yadi.

"Injiniya, launukan nan suna da kyau," in ji shi, "amma ba a zama a kan launi. Sashen sayen kaya na neman ɗaki. Akwai baje kolin hukuma bayan Babbar Sallah. Ki kawo min abin da zan taɓa da hannuna. In babu, ɗakin ya tafi, ke kuma ki dawo kusa da ofishina. An ce rubutunki na da kyau."

Rubutuna na da kyau. Ji na yi kamar an watsa min barkono. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, benci zan kawo, na rama. Kuma kai za ka zauna a kai."

Ya dubi cikinsa, ya dube ni, ya fita yana dariya har baranda tana amsawa. Ni kuma na zauna ina tuna cewa baki shi ke yanka wuya.

Matsalar ita ce manhajar ba ta san rama ba. Ta san zaren gilas, ta san ƙarfe, amma ramarmu ko sunanta ba ta taɓa ji ba. Sai an yi ƙananan sanduna na rama da rezin, an ja su a inji har su karye, an ga irin nauyin da suka ɗauka, sannan a faɗa mata. Ni ba ni da injin, kuma hannuna bai iya zubi ba. Injin yana jami'a a Gwagwalada, a hannun wani dattijon malami mutumin Filato, wanda nake kira Dakta. Hannu kuwa yana Apo, wurin wani mutumin kudancin Kaduna da ke ƙera bambar mota da faiba a bayan layin makanikai.

Abokan aikina da suka ji zan ba su manhajar sai suka riƙe baki. A Abuja ta lokacin, idan ka samu abu irin wannan durowa kake sa shi ka kulle, makullin kuma ka ɗaure a lalitarka. Wani ya ja ni gefe ya ce in na raba, gobe wani zai fito a jarida da aikina. Na ce masa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da aka ba ni kyauta ban ga dalilin da zan zauna a kansa kamar kaza ba. Na sayi filash, ɗan abin adana bayanan nan da bai kai ɗan yatsa ba, na kwafe komai a ciki.

Intanet a lokacin sai ka yi sallar la'asar ka dawo shafi bai buɗe ba, don haka direbobin haya ne suka zama intanet ɗinmu. In naɗe filash a leda, in sa a ambulan, in ba direban motar Gwagwalada, Dakta ya karɓa a tasha. Da ya dawo min da shi karo na farko, sai na tarar ya ƙara abu a ciki. Ya gyara wani wuri da ke sa manhajar tsayawa, ya kuma sa sakamakon gwajinsa na farko. Na kira shi ina godiya.

"'Yata, a garinmu ba a mayar da kwano haka nan," in ji shi. "Kin aiko da tuwo, dole a sa wani abu a ciki."

Na ce ai mu ma haka ne, yaba kyauta tukuici. Daga nan abin ya zame mana ƙa'ida ba tare da an zauna an yanke ba: duk wanda filash ya je hannunsa, ba zai dawo da shi yadda ya karɓa ba.

Mai faiba na Apo da farko kallon mahaukaciya ya yi min. Mace da takalmin ofis tana tsallake baƙin mai da tsofaffin tayoyi, da damin rama a kafaɗa. Amma da na buɗe kwamfutar tafi-da-gidanka da na aro, na nuna masa yadda rezin ke bin mazubi a allo, yana rarrafe zuwa kusurwa, yana barin ɗan fili inda iska ta maƙale, sai ya ajiye burushinsa ya matso.

"Madam, tsaya. Wannan kwana ɗin, nan ne kullum yana ba ni wahala. Wa ya gaya masa?"

"Ba wanda ya gaya mata, Oga. Lissafi ne."

"A'a, wannan kwamfuta maye ne," in ji shi, yana dariya yana kiran maƙwabtansa su zo su gani.

Kafin wata ya ƙare ya sayi tsohuwar kwamfuta 'yar kwatano, ya ɗora ta a kan durom, ya koyi kunna ɓangaren rezin ɗin da yatsa ɗaya. Nasa tukuicin sanduna ne. Ya zuba faranti na rama, ya yanka, ya goge, ya jera su a kwali kamar alewa, direba ya kai wa Dakta. Dakta kuma bai tsaya nan ba. Ya kwafa wa abokansa malamai a wasu jami'o'i, su ma suka yi nasu sandunan, suka gwada, suka aiko da sakamako. Kowa da abin da ya sa a kwano.

Abin mamaki, duk dawowar filash sai ƙarfin rama ya ƙaru. Wannan ya aiko da lamba mai kyau, wancan ya aiko da wadda ta fi ta. Ni kuwa in zuba su a manhaja, in zana bencina, in ɗora masa nauyin darakta har da ƙarin mataimakinsa, allo ya yi shuɗi tas. Sai in rage kauri. Shuɗi. In sake ragewa. Har yanzu shuɗi. Na kira Dakta muna ta shewa a waya kamar 'yan biki, katin wayata yana ƙonewa ban damu ba. Ya ce in Allah ya yarda rama za ta kori ƙarfe daga kasuwa. Mai faiba ya ce zai daina bamba ya koma jirgin sama. A gida, can Jikwoyi, maigidana ya ce ko a barci murmushi nake yi, ya fara tunanin ko gado aka bar min ban faɗa masa ba.

Bencin da muka tsaya a kai siriri ne, mai santsi, mace za ta ɗauke shi da hannu ɗaya. Mai faiba ya zuba shi ana saura 'yan kwanaki Sallah. Da aka fito da shi daga mazubi, launin zuma, zaren rama yana kwance a ciki ana gani, na ji hawaye ya taho min don daɗi. Makanikai suka taru. Wani mai gyaran birki, ƙato, ya goge wandonsa da tsumma ya ce shi zai buɗe. Abokansa biyu suka bi shi. Suka zauna a hankali, suka harɗe ƙafa, suna ɗaga hannu kamar 'yan siyasa.

Bencin ya yi wata 'yar ƙara, irin ta busasshen kara. Sai ga su a ƙasa su duka, ƙafafu a sama.

Layin makanikai ya fashe da dariya. Ni ma na yi, wallahi, har sai da na dafa mota, don mai birkin nan ya tashi yana kakkaɓe wando yana cewa a mayar masa da mutuncinsa. Ina cikin dariyar ne na tuna da darakta, da tagar ɗakina, da biro. Murna ta koma ciki. Na ɗauki gutsuren bencin na shiga mota, ban san lokacin da na isa gida ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Ina da saurin fushi, kuma na saki fushin a kan kowa. Na ce wa mai faiba ya cika zuba ruwan da ke sa rezin tauri. Ya ce shi tun kafin in shiga jami'a yake zubi. Na ce wa Dakta ko injinsa ya tsufa. Ya ce zai duba kawai, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Na bi lissafin manhajar layi-layi ban ga kuskure ba. Abokin aikin nan da ya ce kada in raba ya wuce ƙofata yana fito. Mutanen sashen sayen kaya har sun fara leƙowa suna auna taga da ido.

Ranar Sallah da rana ina kicin ina zuba abinci. Maƙwabciyata, wata mutuniyar Binuwai mai shagon kayan masarufi, ta shigo taya ni aiki. Kullum haka muke da ita: Sallah kwanona ya tafi gidanta, Kirsimeti nata ya zo gidana, kuma babu wanda ke dawowa babu komai. Ba na son ta ga ina zuba nata, sai na juya mata baya, ina tono tukunya da ludayi, ina ture ƙashi da jijiya gefe, ina tsamo tsoka zalla ina jerawa. Ashe tana kallona.

"Maman yara," in ji ta tana dariya, "duk shekara tsoka kina aiko min. Ni na ɗauka ragon ku ba shi da ƙashi."

Na tsaya da ludayi a hannu, miya tana ɗiga a ƙasa. Ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya ƙalau, na miƙa mata ludayin, na fita tsakar gida inda waya ke kamawa, na kira Gwagwalada.

Dakta ya yi min barka da Sallah, na amsa a gurguje.

"Dakta, sandunan da ka gwada, duka ka aiko min da sakamakonsu?"



"Na aiko masu kyau."

"Waɗanda suka karye da wuri fa?"

"Haba 'yata. Wannan ai ba abin da za a ba mutum ba ne. Kina ta wahala, sai in aiko miki abin da zai karya miki zuciya?"

Na tambaye shi abokansa fa. Ya ce ai su ma ba za su yarda a ga lambarsu ta gaza ta wani ba, kowa mafi kyawun nasa ya aiko. Na kira Apo. Mai faiba ya ce shi daga tsakiyar faranti yake yanko sanduna, inda babu kumfa ko ɗaya, gefe-gefen kuwa yana jefawa bayan shago, don ba zai aika wa Dakta guda da aikin kunya ba. Ni ma da na zauna na tuna, ramar da na kai don sanduna sai da na tsefe ta, na zaɓi dogaye masu haske, ta benci kuwa dami guda na saya aka zuba yadda ya zo. Duk cikinmu babu wanda ya yi ƙarya. Karamci muka yi wa juna, kowa ya tsamo tsoka, har kwamfuta ta ɗauka ragonmu ba shi da ƙashi.

Na zauna a kan turmi ina dariya har maƙwabciyata ta fito da ludayi tana tambaya ko ta kira maigidana. Daɗi ne ya kama ni. Manhajar lafiyarta ƙalau, injin Dakta lafiyarsa ƙalau, hannun mai faiba ma haka. Cutar da ke damunmu kunya ce, ita kuwa na san maganinta.

Sai dai maganin bai sha da sauƙi ba. Da na ce kowa ya aiko min da mafi munin abin da yake da shi, Dakta ya ce zai duba, mai faiba ya ce an share bayan shago. Na gane babu wanda zai fara tuɓe hula. Sai na tuna da wani faranti da na taɓa zubawa da hannuna a ɗakina, wanda ya fito da ramuka kamar waina, na ɓoye shi a ƙarƙashin tebur don kada ma fanka ta gani. Na ciro shi, na yanka biyu, na naɗe kowane rabi a takardar kyauta mai ƙyalli, har da zare. Ɗaya ya tafi Gwagwalada, ɗaya Apo. A kai na rubuta cewa aikin injiniyar gwamnatin tarayya ne, kuma ba a mayar da kwano haka nan.

Washegari mai faiba ya kira ni yana tari don dariya.

"Madam, da hannu kin yi wannan ko da ƙafa? No wahala. Ina zuwa. Nawa ya fi naka muni."

Buhu guda ya aiko. Ashe ba a share bayan shago ba. Dakta ya jera su a inji yana kirana bayan kowane gwaji, muryarsa kamar ta mai ba da labarin ƙwallo. Wannan ta karye kafin ya gama ɗaure ta. Waccan ta ji ƙarar injin kawai ta sallama. Ya buɗe durowarsa ya fito da nasa sakamakon da ya ɓoye, ya kira abokansa ya ba su labarin takardar kyauta. Sai gasa ta juye. Malaman da jiya ke takarar wanda lambarsa ta fi girma, yau suna takarar wanda tasa ta fi ban tausayi. Wani har ya haɗo da gaisuwar ta'aziyya.

Na zuba duka a manhaja, tsoka da ƙashi. Na buɗe zanen siririn bencinmu na ɗora masa nauyi. Allo ya yi ja wur, daidai wurin da ya karye a Apo, ko taki bai kauce ba. Ban taɓa murnar ganin ja irin ta ranar ba. Na sake kulle ƙofa.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu mun fafe. Na ƙara kauri, na sa wa bencin haƙarƙari a ƙasa, na yi lissafi da mafi raunin ramar da muka samu maimakon mafi ƙarfi. Mai faiba ya kunna ɓangaren rezin a kan durom ɗinsa, ya ga iska za ta maƙale a gindin haƙarƙarin, ya sauya inda zai fara zubawa. Bencin da ya fito gajere ne, mai kauri, babu wani kyan gani. Da aka nemi mai gwadawa, makanikai suka ce suna da iyali. Mai birki ya tsallaka titi ya tsaya can yana kallo. Sai da aka ɗauko tsohon injin mota da sarƙa aka sauke a kai. Bencin ko uffan bai ce ba.

Ranar baje koli na ce a ɗauko min karyayyen ma. Nan Dakta da mai faiba suka haɗe min kai.

"'Yata, tsakaninmu daban," in ji Dakta. "Wannan darakta ne. Ɗakinki ne a hannunsa."

"Madam, wa yana kai wa baƙo ƙashi?" in ji mai faiba.

Gaskiyarsu ce. Amma na ga abin da tsoka zalla ta yi mana, kuma na san idan na samu ɗakin da rabin labari, rabin labari zan ci gaba da bayarwa har in yi ritaya. Na ce a sa shi a mota.

Zauren ya cika da tebura masu farin ƙyalle. Kowane sashe ya kawo hotuna masu sheƙi da littattafai masu bango mai kauri, komai yana tafiya daidai, komai ya samu nasara. A can gefe ga mu: benci mai kama da turmi, kusa da shi wani a karye gida biyu, da buhun gutsattsari, da kwamfuta. Dakta ya sa kwat, mai faiba ya sa rigar cocinsa, dukansu sun ja baya kamar ba tare muka zo ba.

Darakta ya iso da jama'arsa. Bai dubi mai kaurin ba, karyayyen ya tsaya a kai. Fara'ar nan tasa ta ɗauke. Wani daga cikin mutanen sayen kaya ya yi murmushi.

"Injiniya, wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, shi ne na farko. Da kai ka zauna a kansa, da yanzu ana yi maka sannu."

Na ba shi labarin a taƙaice, filash da direbobi, da yadda kowa ya tsamo mana tsoka, da buhun da ke gabansa. Na nuna masa allon, jan nan daidai inda karayar take.

Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki ɓarin bencin, ya shafa bakin karayar da babban yatsa inda zaren rama ya fito tsirara. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi teburan nan masu farin ƙyalle, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshen zaure.

"Tun da na hau kujerar nan," in ji shi a hankali, "babu wanda ya taɓa nuna min abin da ya karye."

Ya tattara babbar rigarsa, ya juya, ya saki jikinsa gaba ɗaya a kan bencin mai kauri, ba a hankali ba. Na rufe ido. Da na buɗe yana zaune, yana ɗan girgiza jiki don ya ji ko zai motsa. Ya yafito mataimakinsa ya zauna, ya yafito shugaban sashen sayen kaya ma ya ce ya matso, akwai wuri. Dariyarsa ta dawo, rigar ma ta kama. A bayana na ji mai faiba yana cewa Dakta ya riƙe shi kada ya yi rawa a gaban gwamnati.

Da darakta ya miƙe, bai ajiye ɓarin bencin ba. Ya miƙa wa masinjansa ya ce a kai masa ofis a ɗora a kan tebur, inda duk mai kawo rahoto zai gani. Ya yi taku kaɗan, ya waiwayo ya dubi shugaban sayen kaya da har yanzu ke zaune a kan ramata.

"Ku nemi wani ɗakin," in ji shi. "Kuma a gyara mata fanka."